Mustafa Alasan, bakaniken da ya naɗa kwaɗo shugaban ƙasa

Jawabin da aka gabatar a daren kallon fim na matasa, kafin a kunna majigi. Mun sa shi nan saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Waɗanda ke tsaye can baya, akwai sauran wuri bisa tabarma, ku matso. An ce in yi magana kafin a kunna majigi, an kuma ja mini kunne kada in daɗe. Zan yi ƙoƙari, amma dai kun san halina.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Na yi firamare, na yi kwaleji, na yi lise, na samu bak, na shiga jami'a, duk tsawon wannan tafiya ban taɓa jin sunan Mustafa Alasan a bakin wani mushe ba. Marubutan Faransa na ƙarni na 17 kuwa, har shekarar haihuwarsu na haddace saboda jarrabawa. Sai ina shekara ta biyu a jami'a, wani dare da aka ɗauke wuta muna zaune ana dafa shayi, wani abokina ya miƙo mini wayarsa ya ce in kalli wani abu. Zane ne mai motsi, baƙi da fari, irin wanda muke ce ma desan anime. Kwaɗi ne sun jeru suna fareti, wani babban kwaɗo na tafe da ƙasaita ana raka shi bakin jirgin sama. Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Na ce masa, wane Bature ne ya yi wannan? Ya ce ɗan Nijar ne, a 1966 ya yi shi, a Tawa ya zauna, kuma shekara kaɗan ke nan da rasuwarsa. Nan dariyar ta koma kunya. Kunyar nan ce ta sa na yi ta bin labarin mutumin, ita ce kuma ta tsayar da ni gabanku yau.

Ga masu son nemansa a intanet, da Faransanci ana rubuta sunan Moustapha Alassane. An haife shi a 1942. Ku riƙe wannan shekara, don lissafin da za mu yi nan gaba ya dogara a kanta.

Duniyar da ya buɗe ido a cikinta, baƙar fata ba ya riƙe kyamara a ƙasarsa sai da izinin gwamna. Tun 1934 Faransa ta kafa wata doka, wadda ake kira da sunan Pierre Laval, ministan ƙasashen mallaka na lokacin. Dokar ta ce duk mai son ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da ke hannun Faransa sai ya nemi izini, ya bayyana abin da zai ɗauka da waɗanda za su fito ciki. A takarda dokar ta shafi kowa, amma a aikace ƴan ƙasa ta toshe ma hanya. Shi ya sa a 1955, da Paulin Soumanou Vieyra da abokansa ɗaliban Afirka suka so yin fim, a Paris suka yi shi, suka sa masa suna Afrique-sur-Seine, wato Afirka a bakin kogin Paris. Fim kam ana kallo a garuruwanmu, na kaboyi da na Indiya da na Masar. Amma kallo kawai. Kai ne mai biyan kuɗin ƙofa, wani ne mai ba da labari.

To yaron da ba shi da kyamara, ba shi da izini, ba shi da wanda zai koya masa, me ya yi? Ya samu kwali ya yanka, ya fitar da siffar mutane da dabbobi, ya kunna fitila a bayansu, inuwa ta faɗa bisa farin ƙyalle, ya tara yaran unguwa yana motsa su yana ba da labari. Daga nan ya shiga zane bisa takarda mai shara-shara wadda haske ke ratsawa, ya harhaɗa akwatin da zai jefa hoton a bango. Ma'ana ya ƙera majiginsa da hannunsa kafin ya taɓa na gaske. Duk wanda ya tashi a garin da babu lantarki ya san wasan inuwa da yatsu a jikin bango, kare da zomo da sauransu. Mu mun yi mun bari. Shi bai bari ba.

Sana'ar da ya koya ta cin abinci kuwa kanikanci ce. Ina so ku tsaya kan wannan kaɗan, don a ganina nan ne mabuɗin mutumin yake. Bakanike ba ya jin tsoron inji. In an kawo masa mota ta mutu, ba ya tsayawa yana girmama ta don an ƙera ta a Turai, kwance ta yake yi ya ga cikinta. In babu kayan gyara a kasuwa, ya je wurin maƙeri ko mai walda a ƙago wani abu da zai yi aikin. Da wannan idon Mustafa ya kalli sinima. Wasu sun ɗauke ta sihirin Nasara wanda sai an je an yi shekaru a makarantar Paris ko Mosko kafin a taɓa. Shi ya ga inji ne mai jan zare gaban haske, hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma abin da mutum ya ƙera mutum na iya kwance shi.

Zanensa ne ya kai shi cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, wadda daga baya ta zama IRSH, can ya haɗu da Jean Rouch. Wannan Bafaranshe ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi da gadoji, ya koma mai nazarin al'adu da ɗaukar fim, ya yi rayuwarsa yana kai da kawowa tsakanin Paris da bakin Isa, har ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka rufe shi a Yamai. Rouch ya ga abin da ke hannun saurayin, ya buɗe masa ƙofar kayan aiki. Zan dawo kan maganar Rouch da Faransa, don na san akwai masu jira na da ita. Yanzu dai mu bi yaron.

Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, yana da shekara 18. A 1962, yana da shekara 20, ya fitar da Aouré. Ku sake faɗin sunan a bakinku: aure ne, kalmarmu, aka rubuta da harafin Faransanci. Labarin saurayi da budurwa ne a wani ƙauyen Zabarmawa na bakin kogi, tun daga haɗuwa da neman aure har zuwa biki. Ba wani babban rikici a ciki. Amma ku tuna cewa kafin nan, in an ɗauki bikin aurenmu a fim, baƙo ne ya ɗauka, muryar baƙo ce ke bayani a kai, tana cewa ga yadda waɗannan mutane ke yi. A nan ɗan gida ne ya tsara labarin, ya zaɓi inda zai tsaya da kyamara. Kuma ga abin da ya kamata kowane ɗan Nijar ya sani: Borom Sarret na Usman Sembène, wanda littattafai da yawa ke farawa da shi in suna ba da tarihin sinimar Afirka ta Yamma, a 1963 ya fito. Aouré ya riga shi da shekara guda. Ban faɗi haka don in rage wa Sembène daraja ba, babba ne, ya ci sunansa. Amma a fara ƙirga daga inda ƙirga ta fara.

A wannan shekara dai ta 1962 ya yi La Bague du roi Koda, zoben sarki Koda, daga wata tatsuniyar Zabarmawa. Azzalumin sarki ya ba masunci ajiyar zobe, da sharaɗin in zoben ya ɓata ransa ne fansa, sannan shi sarkin ya zagaya ta bayan gida yana ƙulla yadda zoben zai ɓata. Saurayi ɗan shekara 20, shekara biyu da samun ƴancin kai, labarin da ya zaɓa shi ne na mai mulkin da ke ɗana wa talakansa tarko. Ashe tun daga farko idonsa na kan fada.

Kafin mu wuce, bari in gaya muku yadda aikin yake a zamanin, don mu da ke ɗaukar bidiyo da waya mu goge mu sake ba za mu gane ba sai an faɗa. Zaren fim ne mai faɗin milimita 16. Ƙaramin naɗi mai tsawon mita 30 bai cika minti 3 ba yake ƙarewa, kuma daga waje ake sayo shi. Yawancin ƙananan kyamarorin lokacin wani ake yi musu kamar agogon da, su yi aiki kamar rabin minti su tsaya, a sake wanawa. Ba sa ɗaukar murya tare da hoto, sai daga baya a ɗora. Mafi wuya duka, babu wurin wanke zaren a Nijar. Ka ɗauka, ka naɗe cikin gwangwani, ka aika Faransa, ka zauna jira. Sai bayan makonni za ka san ko abin da ka ɗauka ya fito ko rana ta ƙone shi. In ya lalace, bikin ya watse, damina ta wuce, ɗan wasan ya tafi cin rani. A haka aka yi finafinan da za mu kalla yau.

Ta hanyar Rouch da abokansa ƴan Kanada Mustafa ya samu tafiya Montreal, hukumar fim ta ƙasar Kanada, inda Norman McLaren yake aiki. McLaren gwani ne na zane mai motsi, fim ɗinsa Neighbours ya ci kyautar Oscar, kuma an san shi da wata dabara: yakan yi zane kai tsaye bisa zaren fim, babu kyamara sam. Ku duba yadda Allah ke haɗa mutane. Yaron da ya fara da zane bisa takarda mai shara-shara don ba shi da kyamara, ya je ya tarar da babban malami a ƙasar masu kuɗi yana yin kusan haka da gangan. Daga wannan zama La Mort de Gandji ya fito a 1965, wanda ake lissafawa cikin zane mai motsi na farko da ɗan Afirka ta kudu da Sahara ya yi. A 1966 fim ɗin ya samu kyauta a Dakar, a babban bikin fasahar baƙar fata na duniya da Senghor ya kira.

Yanzu mun iso ga kwaɗon da ya sa shayi ya sarƙe ni, Bon voyage Sim, 1966. Minti biyar ne kacal. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne, takwaransa na maƙwabciyar ƙasa ya gayyace shi ziyarar aiki. Shi ke nan labarin. Rakiya, jirgi, fareti, tarba, kaɗe-kaɗe, duk wata ƙasaitar da muka saba gani a labarun ƙarfe takwas da rabi, sai dai masu yin ta kwaɗi ne. Ku yi lissafin wahalar: minti 5 daƙiƙa 300 ne, sau 24, hoto 7200. Ko da kowane zane sau biyu aka ɗauke shi, dubbai ne, da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Ku kuma tuna wace shekara ce. A watan Janairun 1966 kaɗai soja sun karɓi mulki a Afirka ta Tsakiya, da Haute-Volta wadda ta zama Burkina Faso, da Najeriya. A watan Fabrairu aka kifar da Kwame Nkrumah na Gana yana cikin tafiya a ƙasar waje. Nan gida jam'iyya ɗaya ce ke mulki, ta Diori Hamani, an haramta Sawaba tun 1959, kuma bayan abubuwan da suka faru a 1964 da 1965 mutane da yawa na tsare, baki ya mutu. A irin wannan yanayi wani saurayi mai shekara 24 ya zana shugaban ƙasa da siffar kwaɗo. Bai kira sunan kowa ba, bai zagi kowa ba. Wanda ya ce da shi ake, to shi ya ce shi kwaɗo ne. Dabarar kakanninmu ce ta tatsuniya, inda Gizo ke shiga fada ya yi abin da talaka ba ya iyawa, wanda ya tsargu kuma shi ya sani. Mu da muke rubutu a Facebook da zafin rai, mu kira suna mu yi ashar, gobe mu goge, akwai abin koyo a nan. Rubutunmu na bara wa ke tuna shi? Kwaɗon nan ya kusa shekara 60 yana ba mutane dariya, kuma duk ƙasar da aka nuna shi, mutanen wurin sai su rantse da nasu ake.

A shekarar dai ya yi Le Retour d'un aventurier, wanda ni a wurina shi ne ya fi kusa da rayuwarmu ta yau. Wani saurayi, Jimi, ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi: malafa, takalma, bindigogi. Ya raba wa abokansa. Kowa ya yar da sunan da ubansa ya raɗa masa, wannan ya zama Black Cooper, wancan Casse-Tout, budurwar cikinsu ta zama Reine Christine. Suka hau dawaki suna sukuwa a dajin da raƙuman dawa ke yawo. Da farko abin dariya ne. Sannu a hankali wasa ya zama sata da duka da raina dattawa, har jini ya zuba tsakaninsu. Ana kiran fim ɗin kaboyin Afirka na farko, kuma Serge Moati, wanda ke aiki a Yamai lokacin, ya ɗauki yadda aka yi shi a wani ɗan fim mai suna Les cow-boys sont noirs.

Abin da nake so a fim ɗin, Mustafa bai tsaya bisa mumbari yana wa'azi ba. Da ganin yadda ya ɗauki sukuwar dawakin ka san shi ma yana son finafinan kaboyi, ya sha kallonsu. Yana dariyar samarin, yana kuma fahimtar abin da ya ja su: zaman banza, da son a san da kai, da kwalliyar da ta zo daga nesa. Ku cire malafar kaboyi ku sa abin da kuke so a wurinta. Ku dubi sunayen da ke rubuce a bangon fadojinmu. Ku kalli Zinder na A'isha Macky, na 2021, kan samarin unguwar Kara-Kara a Damagaram, da sunayen da suke sa ma ƙungiyoyinsu da irin hotunan da suke kwaikwayo. Shekara 55 ke tsakanin finafinan biyu, tambayar ba ta sake ba.

Akwai wadda ta biya kuɗin wannan fim da mutuncinta, bai kamata a wuce ba a ambace ta ba. Zalika Sule, wadda ta fito a Reine Christine, tana da shekara 19. Mace ta sa wando, ta hau doki, ta riƙe bindiga a Yamai ta 1966. Mutane ba su raba wasa da gaskiya ba, suka ɗora mata halin matan da take fitowa a matsayinsu, ta sha zagi da tsangwama. Ta ci gaba da fitowa a finafinan Mustafa da na Umaru Ganda da na Jingare Maiga, ta zama fuskar sinimar ƙasar nan, amma da harkar ta durƙushe sai ta koma cikin talauci. Rahmatu Keita ta ba da labarinta a fim ɗin Al'lèèssi. Ta rasu a 2021. Ƴan uwana mata da ke nan, masu son shiga wannan sana'a, kun san maganganun da ake yi muku a gida da unguwa, ba sai na faɗa ba. Ita ta fara shan su.

Shi ma Jingare Maiga, wanda ya fito a Black Cooper, daga wannan fim ya kama hanya har ya zama mai shirya finafinan kansa. Haka abin yake a lokacin, ƙaramin rukuni ne, yau kai ne ɗan wasa, gobe kai ne mai riƙe kyamarar wani. Umaru Ganda, tsohon sojan Faransa a yaƙin Indochine, wanda ya yi dako a tashar jirgin ruwa ta Abijan, ya fitar da Cabascabo, aka nuna shi a Cannes a 1969. A 1972, karon farko da aka fara ba da babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, Ganda ne ya ɗauko ta da Le Wazzou polygame. Nijar ce ta fara cin wannan doki. Sau nawa muke wucewa gaban CCOG a Yamai, ko mu shiga kallon wasa, ba mu tambayi wane ne mai sunan ba?

A 1972 ɗin Mustafa ya fitar da dogon fim ɗinsa na farko, F.V.V.A., wato mace, bila, mota, kuɗi. Ali ƙaramin ma'aikaci ne mai ƙaramin albashi, amma yana son a gan shi cikin manya. Hidima ta fi ƙarfin aljihu, ya sa hannu cikin kuɗin da ba nasa ba, ƙarshenta gidan kaso. Ba zan daɗe a kansa ba, don in na ce ku ɗaga hannu duk wanda ya san wani Ali, tabarmar nan ba mai sauke hannu. Shekara guda bayan haka ya yi Toula tare da wata Bajamushiya, Anna Soehring, daga labarin Bubu Hama, wanda ke shugabancin majalisar dokoki a lokacin. Fari ya addabi ƙasa, boka ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa, sarki ya miƙa ta gidansa. An yi fim ɗin ne ana tsakiyar babban farin da ya kashe dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu, farin da ya taimaka wurin faɗuwar gwamnatin Diori a watan Afrilun 1974. Masu kallo na lokacin ba su buƙaci a fassara musu komai ba.

Daga baya ya koma ga ƴan tsana, waɗanda yake ƙerawa da hannu yana motsa su kaɗan-kaɗan yana ɗauka. Da su ya yi Samba le grand a 1977, da su kuma ya yi Kokoa, kokowar gargajiya amma ƴan kokowar dabbobi ne, kwaɗinsa na nan ba su tafi ko'ina ba. Ya shugabanci sashen sinima na jami'ar Yamai shekara 15. Sannan ya tattara ya koma Tawa.

Wannan komawa Tawa tana burge ni fiye da kyaututtukan. Lokacin da kuɗin fim suka ƙafe, gidajen sinima suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, bidiyo ta shigo, da yawa sun ajiye aikin ko sun koma Turai. Shi ya buɗe otel a Tawa, abin da ya samu daga masu kwana ya zuba a aikinsa, wani sashe na gidan ya zama ɗakin aiki cike da ƴan tsana da tsofaffin injuna. Ya ɗora majigi a mota yana kai fim garuruwan da ba su da gidan kallo. Da kwamfuta ta zo, yana dattijo, ya zauna ya koye ta ya ci gaba da zane da ita, yana koya wa yara. In ana maganar mai shirya fim mai zaman kansa, to ga ma'anarta a ƙasa irin tamu: ka nemi abin da zai ciyar da kai da aikinka, don kada ranar da mai ba da tallafi ya rufe jaka kai ma ka rufe baki. Wasu Turawa biyu, Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong, sun je Tawa sun ɗauki rayuwarsa a fim kafin ya rasu. Ya cika a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

To, maganar da na ce zan dawo kanta. Na san akwai wanda ke zaune nan yana cewa a ransa, ai yaron Faransawa ne, Rouch ya ɗauko shi, da kayansu ya yi aiki, a 2007 ma sun rataya masa lambar girmamawarsu a Cannes. Ba zan ce ƙarya ne ba. Kyamarar farko ta hannunsu ta fito, wurin wanke zare nasu ne, kuma ofishin sinima na ma'aikatar haɗin gwiwar Faransa, wanda aka buɗe a 1963, ta nan yawancin finafinan ƙasashenmu na wancan zamani suka bi. Ba don Allah kawai suka yi ba, suna da tasu manufa. Mutanen zamanin ma sun san haka. Sembène ya taɓa gaya wa Rouch ido da ido cewa irinsu na kallon ƴan Afirka kamar masu nazarin ƙwari. Ganda, wanda ya fito a Moi, un Noir na Rouch, bai gamsu da yadda aka ba da labarinsa ba, ya je ya ba da shi da bakinsa a Cabascabo.

Amma ni tambayar da nake yi ita ce, da aka ba shi kyamarar, me ya ɗauka da ita? Aurenmu, tatsuniyarmu, kokowarmu, da kwaɗon da ke kwaikwayon ƙasaitar da aka gada wurin gwamnan mulkin mallaka. Wanda ya ari gatari ya sari itacen gina ɗakinsa, ɗakin nasa ne. Inda abin ya fi yi mini ciwo wani wuri ne daban. Kwafin finafinan nan masu kyau, waɗanda aka gyara aka mayar na zamani, a Paris suke, a taskar finafinan Afirka ta can. A 2017 babban gidan adana fasahar zamani na New York ya ware kwanaki yana nuna aikinsa. Ɗalibi a Amurka ya fi ɗalibi a Tawa sauƙin ganin Samba le grand. Za mu iya zagin wanda ya ajiye, amma sai mu haɗa da tambayar me ya hana mu ajiyewa. Da muke shirya daren nan na shiga wani ofishi neman kwafi, aka tura ni wani, can aka ce mai makullin ya fita, in dawo jibi. Na koma sau uku. Abin da za ku gani yau, wani malami ne mai son harkar ya ba mu daga nasa, hoton ma ba shi da kyau sosai, ku yi haƙuri da shi.

Kuma ba a ce babu magada ba. Sani Magori ya ɗauki noman albasa a garinsu Galmi ya mai da shi fim ɗin da ya zagaya duniya, ya sake yin Koukan Kourcia kan ƴan cin ranin da suka tafi ba su dawo ba. Na ambaci A'isha Macky. Akwai yara a Maraɗi da Damagaram da ke yin gajerun wasanni da waya, wasu na da ban dariya ƙwarai. Abin da na lura kawai, da yawansu na ɗauka su ne farko, ko kuma daga Kano aka fara komai. Finafinan Kano mun tashi da su, muna son su, ba laifinsu ba ne. Amma wanda bai san an taɓa yin Le Retour d'un aventurier a ƙasarsa ba, zai yi ta kwaikwayon na wasu yana jin ya ƙirƙiro.

Ƴan Tawa da ke cikinmu, ina da roƙo gare ku musamman. Akwai mutanen da suka yi aiki da shi suna raye, waɗanda suka ɗinka wa ƴan tsanan riguna, waɗanda suka tuƙa motar majigin, yaran da ya koya wa zane waɗanda yanzu magidanta ne. In kun je gida hutu, ku neme su da ladabi, ku nemi izininsu, ku kunna wayar nan da ke aljihunku su ba ku labari. Ku turo mana, za mu tattara mu sa a wannan shafi da sunan wanda ya ɗauko. Wayar da ke hannun mafi talaucinmu a nan tana ɗaukar awa guda ba tsayawa, da murya, ka kuma ga abin da ka ɗauka nan take.

Na ga mai majigi yana ta nuna mini agogo. Za mu fara da Sim, minti biyar, sai kaboyi, kusan rabin awa. Bayan nan shayi na biyu ya nuna, sai a buɗe fili, wanda bai yarda da abin da na faɗa kan Faransa ba ya zo ya karɓi makirfo. Ɗan uwa na kusa da bango, taimaka ka kashe mana fitilar nan.